Sulke, Lifidi ko Batakari: Tambayoyinku kan Gina Mayaƙi a Wasan D&D

Wasiƙun wannan fitowar yawancinsu daga unguwannin Kumasi suka zo, kuma kusan duk a kan mayaƙi suke a wasan Dungeons & Dragons (D&D), wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Ga wanda bai san wasan ba, mutum huɗu ko biyar ne ke zama a tebur, kowa da jarumin da ya ƙirƙira a takarda, ɗaya kuma ya zama jagora mai ba da labari da motsa abokan gaba. Ƙwaya mai fuska 20, wadda 'yan wasa ke kira d20, ita ke yanke hukunci. Lissafinmu na bugu na biyar ne na 2014. Inda gyaran 2024 ya sauya wani abu, za mu faɗa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na raba makin jarumina daidai wa daida, uku 13, uku 12, don kada ya samu rauni ta ko'ina. Amma a wasa sarana ba ya kamawa, abokina kuma da gatari ɗaya yake gama da maƙiyi. Ina matsalar take? Daga wani ɗalibi a Aboabo.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Matsalar ita ce ka gina mutumin da ba ya da aiki. Halaye shida ne a takarda: ƙarfi, zafin nama, juriya, ƙwaƙwalwa, hikima da kwarjini. Mayaƙi da biyu yake cin abinci, wanda yake sara da shi da kuma juriya. Sauran huɗun na rakiya ne.

Abin da ake sakawa a jefi ba makin kansa ba ne, ƙarin da ke fitowa daga cikinsa ne. Ka cire 10 daga makin, ka raba biyu, ka watsar da rabi idan ya saura. Da haka 12 da 13 duk +1 suke bayarwa, 16 kuma +3. Ɗauki gobilin, ƙaramin dodon da kowa ke fara karawa da shi: makin kariyarsa, wato jimlar da hari zai kai kafin ya same shi, 15 ne, ransa kuma, wato ɓarnar da zai iya ɗauka kafin ya faɗi, 7 ne. Mai ƙarfi 16 yana da +3, ga ƙarin ƙwarewa +2 na matakin farko (jarumi yana hawa mataki-mataki yayin da wasa ke ci gaba), jimla +5, don haka daga 10 zuwa sama ya same shi, wato kashi 55 cikin 100. Kai da +3 sai ka jefa 12, kashi 45 ke nan, kuma ko ka same shi ɓarnarka ta gaza ta abokinka da maki 2 a kowane sara. A kan dodo mai rai 7, makin nan 2 shi ne tsakanin faɗuwarsa da ramawarsa.

Ka roƙi jagora ya bar ka ka sake rabo. Jerin da littafi ya bayar shi ne 15, 14, 13, 12, 10, 8. Sa 15 a ƙarfi, 14 a juriya, 13 a hikima, 12 a zafin nama, sauran biyun a kwarjini da ƙwaƙwalwa yadda labarin jaruminka ya so. Sai ƙarin +2 da +1 da yawancin jinsuna ke bayarwa a bugun 2014, wanda a na 2024 aka mayar da shi ga asalin sana'ar jarumi. Idan teburinku ya yarda ka sa su inda kake so, sa +1 a ƙarfi, +2 a juriya, ka tashi da 16 da 16. Mutane da yawa suna ruɗuwa da 17, alhali 17 da 16 ƙarinsu ɗaya ne. Wurin da 17 ke da amfani shi ne a ƙa'idar 2024, inda baiwar da ake ɗauka a mataki na 4, wato wata iyawa ta musamman da jarumi ke zaɓa, ke zuwa da +1 nata, sai ta cika maka 18.

Da juriya 16 za ka fara da rai 13, wato 10 da 3, kuma kowane mataki ka ƙara 9 idan ka ɗauki tsayayyen adadi na 6 maimakon jefa d10, ƙwaya mai fuska 10. Muna ba da shawarar tsayayyen, domin matsakaicin d10 5 da rabi ne.

Kada ka jefar da 8 a hikima. Mayaƙi ya ƙware a jefin tsira, wato jefin kauce wa sihiri ko wani haɗari, na ƙarfi da juriya, amma ba ya da komai a na hikima, kuma ta nan bokayen abokan gaba ke shigowa. Sihirin daskarar da mutum da hikima ake kauce masa. Wanda ya daskare, duk saran da ya same shi daga ƙafa 5 saran ninki ne, wanda ake ninka ƙwayoyin ɓarnarsa. Sulkenka ba zai hana wannan ba.

Tambaya: Malam, ni ba na son jarumin Turawa mai rigar ƙarfe. Ina son bardenmu na gida, mai lifidi da takobi da garkuwa. Da na duba littafi sai na ga rigar auduga ita ce mafi rauni. Ko dai in haƙura? Daga wani tela a Asawase.

Amsa: Kada ka haƙura, maigida. Ka raba abu biyu a ranka: sunan kaya da kamanninsa naka ne, lambar da ke bayansa ta littafi ce. Muddin ba ka taɓa lamba ba, jagora mai adalci ba zai hana ka kiran kayanka yadda kake so ba.

Gaskiya ne rigar cushe ta littafi 11 ce da ƙarin zafin nama, kuma tana jawo naƙasu wajen saɗaɗawa, wato ka jefa d20 sau biyu ka ɗauki ƙaramin. Amma 'yan lifidin ƙasar Hausa ba ƙananan mayaƙa ba ne, su ne manyan mahaya masu fasa sahu, har dawakansu ana lulluɓe su da lifidin. Tarihin Kano ya danganta shigowar lifidi da sulke da kwalkwali ga zamanin Sarki Kanajeji. To ka ɗauki lambar sulken zobba, 16, wanda mayaƙi ke iya farawa da shi, ka rubuta a takarda cewa lifidi ne bisa sulke, da kwalkwali. Yana buƙatar ƙarfi 13, in ba haka ba tafiyarka ta ragu da ƙafa 10. Garkuwa ta ƙara 2, ka kai 18. In kuɗi sun taru, sulke mai 17 zinari 200 ne a kuɗin wasan, mai 18 kuma zinari 1,500, duka biyun suna son ƙarfi 15. A labari sai ka ce maƙerin fada ne ya ƙara maka faranti a ƙirji da kafaɗu.

Takobi ya ɗauki lambar doguwar takobin littafi, ɓarnar 1d8, wato ƙwaya ɗaya mai fuska 8, da hannu ɗaya, 1d10 da hannu biyu. Kansakali ya zama gajeren takobi, 1d6. Mashi yana nan da sunansa, 1d6, ana iya jifa da shi ƙafa 20 ba tare da naƙasu ba. Barandami ya ɗauki lambar gatari mai doguwar ƙota, 1d10, wanda ke kaiwa ƙafa 10.

Tunda a Kumasi kake, akwai wata siffar kusa da kai: batakarin yaƙi na Asante, riga mai ɗauke da layu ɗinke a fata, waɗanda malaman Musulmi ke rubutawa. Wannan ya fi dacewa da mayaƙin zafin nama. Ba shi lambar rigar fata mai ƙusoshi, 12 da ƙarin zafin nama, zinari 45. Inda ake samun rikici a tebur shi ne mai wasa ya ce ai layunsa suna tare kibiya, don haka a ƙara masa maki. A'a. Layun ado ne har sai ranar da jagora ya ba ka kayan sihiri mai +1, sannan ka ce ɗaya daga cikinsu ce ta fara aiki.

Sai salon faɗa, wanda ake zaɓa tun matakin farko. Mai takobi da garkuwa yana da zaɓi biyu masu kyau: salon gaba-da-gaba mai ƙara ɓarna 2 ga makamin hannu ɗaya, ko salon kariya mai ƙara 1 ga makin kariya. Garkuwa ba ta hana na farkon aiki, domin ba a lissafa ta cikin makamai. Da shi matsakaicin saranka 9 da rabi ne. Mai ƙaton takobin hannu biyu, 2d6, wato ƙwaya biyu masu fuska 6, da salon manyan makamai yana kaiwa 11 da ɗoriya kaɗan, amma kariyarsa 16. Gobilin mai +4 zai same shi sau 45 cikin 100, kai kuma sau 35. A matakan farko, inda sara biyu ke iya kwantar da mutum, mu dai garkuwa muke zaɓa.

Tambaya: 'Yan'uwana maza sun ce mace ba ta yin mayaƙi, in ɗauki mai warkarwa. Ni kuma maharbiya nake so. Daga wata 'yar'uwa a Sabon Zango.

Amsa: 'Yar'uwa, babu layi ɗaya a ƙa'idar bugu na biyar da ya bambanta makin mace da na namiji, kuma wanda ya san Sarauniya Amina ta Zazzau bai kamata ya kawo wannan maganar ba. Ki sa 16 a zafin nama, 14 ko 16 a juriya, ƙarfi kuma ki bar shi a 8 ko 10. Ki ɗauki kayan farawa na biyu: rigar fata, dogon baka da kibau 20. Salon harbi yana ƙara 2 ga samun hari, don haka tun ranar farko kina da +7, gobilin ɗin nan kina samunsa daga 8 zuwa sama, kashi 65 cikin 100. Babu mai takobin da zai kamo ki a wannan. Dogon baka 1d8 ne, yana cin ƙafa 150 lafiya lau.

Rauninki biyu. Kariyarki 14 ce kawai, kuma idan maƙiyi ya matso ƙafa 5 harbinki ya shiga naƙasu. Ki rataya siririn takobi mai 1d8 wanda ake sarrafawa da zafin nama, ki riƙa tsayawa bayan mai garkuwa. Dafin kibiya na kanti kuwa ki manta da shi: zinari 100, kibau 3 kawai yake shafawa, ya bushe cikin minti ɗaya, ɓarnarsa 1d4 ce, kuma wanda ya kai 10 a jefin juriya ya tsira.

Tambaya: Na kai mataki na 3 amma wasan ya fara gundurata. Masu sihiri suna ta abubuwa kala-kala, ni kuwa kullum “na sara” ne. Kuma wane reshe zan ɗauka? Daga wani matashi a Tafo.

Amsa: Mataki na 3 shi ne daidai wurin gyara wannan, ƙanena. A nan ne mayaƙi ke zaɓar reshe, wato fannin da zai ƙware a kai, kuma rassa uku ne a babban littafin 2014. Na Zakara shi ne mafi sauƙi: saran ninki yana zuwa a 19 da 20 maimakon 20 kaɗai, daga kashi 5 zuwa 10 cikin 100. Ba ya ba ka sabon zaɓi ko ɗaya, don haka ga mai irin kukanka ba magani ba ne. Shi ne kuma kaɗai ke cikin ƙa'idojin da kamfanin Wizards of the Coast ya saki kyauta a intanet, abin da ya sa sababbin 'yan wasa da yawa suke zaton mayaƙi iyakarsa ke nan. Na Barden Sihiri yana ba da 'yan sihirce-sihirce, amma duk wanda zai jefi maƙiyi da su sai ya zuba maki a ƙwaƙwalwa.

Naka shi ne Gwanin Dabaru. Za ka samu ƙwaya d8 guda 4 da dabaru 3, kuma ƙwayoyin suna dawowa bayan gajeren hutu na awa ɗaya. Makin da maƙiyi zai doke don kauce wa dabararka shi ne 8 da ƙwarewa da ƙarfi, wato 13 ga mai ƙarfi 16. Uku da muke ba sabon shiga su ne kayarwa, daidaita hari da ramuwa. Da kayarwa, in saranka ya kama, ka ƙara d8 a ɓarna, maƙiyi kuma ya yi jefin ƙarfi ko ya sha ƙasa. Daidaita hari tana ƙara d8 a kan jefin da ya kusa kamawa. Ramuwa tana ba ka sara a lokacin da ba naka ba, idan wani ya kawo maka sara ya kuskure.

Ga inda ake yin ɓarna da kayarwa. Wanda ke kwance, masu sara daga kusa suna samun fifiko a kansa, su jefa biyu su ɗauki babba, amma maharba daga nesa naƙasu suke samu. In abokan tafiyarka 'yan baka ne, ka kayar da maƙiyi ka cuce su. Dubi jerin wanda zai motsa bayanka kafin ka yanke. Kuma tashi tsaye rabin tafiyarsa kawai yake ci, don haka in shi ne zai motsa nan take, amfanin ya tsaya ga sauran saranka na wannan zagayen.

Shi ya sa dabarar ta fi daɗi daga mataki na 5, inda kake sara biyu. Haɗa da yunƙurin ninki da ka samu tun mataki na 2, wanda ke ba ka cikakken aiki na biyu a zagaye ɗaya, ka samu sara huɗu: na farko ya kayar, uku su sauka da fifiko. Yunƙurin nan, da numfashin farfaɗowa mai mayar maka da 1d10 da lambar matakinka, da ƙwayoyin dabaru, duk gajeren hutu ke dawo da su. Mai sihirin littafi da malamin warkarwa sai barcin dare suke cika, don haka ba su damu sosai da hutun awa ɗaya ba. Kai ne za ka riƙa neman a tsaya a huta bayan faɗa biyu, in ba haka ba rabin ƙarfinka yana kulle.

Rabin gundurar kuma ba a fagen fama take ba. Ba jaruminka sana'a. Mai gadin ayarin fataken goro tsakanin Salaga da Kano ya san hanya, ya san kuɗin fito, ya san fuskar ɗan leƙen asirin 'yan fashi, yana jin harshe biyu ko uku. Ɗauki lura da karantar mutane a cikin ƙwarewarka, sai ka ga kana da abin faɗa a kasuwa da fada. A ƙa'idar 2024 an ƙara wa makamai halaye na musamman, mayaƙi yana farawa da uku: dogon takobi yana sa harin maƙiyi na gaba ya shiga naƙasu, ƙaton takobi kuma ko ya kuskure yana yin ɓarna daidai ƙarin ƙarfinka.

Tambaya: Akwai wata baiwa ta masu manyan makamai, mai rage 5 a hari don ƙara 10 a ɓarna, yaushe ake amfani da ita?

Amsa: A kan mai raunin kariya. A mataki na 6, da ƙarfi 18 da ƙaton takobi, kana da +7 da matsakaicin ɓarna 11. A kan kariya 13, sara na yau da kullum yana ba da 8.25 a matsakaici, na kasada 10.5. A kan 17 kusan kunnen doki ne, 6.05 da 6.3. A kan 18 ya juya, 5.5 da 5.25. In kana da fifiko, iyakar tana matsawa sama. Mayaƙi yana samun damar ƙara maki ko ɗaukar baiwa a mataki na 4, 6 da 8, fiye da kowa, don haka babu gaggawa: ka kai ƙarfi 18 tukuna. A bugun 2024 an cire cinikin gaba ɗaya, an mayar da shi ƙarin ɓarna daidai ƙwarewarka.

Tambaya: Ina son mahayin doki irin na hawan sallah, da dogon mashi. Me zan tanada? Daga wani dattijo a Yalwa.

Amsa: Baba, kafin a kashe ko zinari ɗaya, a tambayi jagora inda labarin zai gudana. Doki yana cin fili ƙafa 10 sau 10 a taswira, yawancin kurkukun ƙasa kuwa lunguna ne da matakala da rijiyoyi. In can za a yi wasan, dokin zai ƙare a ɗaure a bakin kogo. Ko a tarihi ƙasa ce ke zaɓar mayaƙinta: ƙudan tsando bai bar doki ya yi ƙarko a kurmin Asante ba, shi ya sa rundunarsu ta ƙafa ce, dawaki kuma suka yi mulki a filin arewa.

In labarin na fili ne, dokin hawa zinari 75 ne da rai 13, ingarman yaƙi 400 da rai 19 da kariya 11. Sirdin yaƙi 20, yana ba da fifiko wajen riƙe zama. Sulken doki ninki huɗu ne na kuɗin na mutum, don haka na zobba 300. Dogon mashin mahaya 1d12 ne a bugun 2014, yana kaiwa ƙafa 10, amma yana da naƙasu a kan wanda ke ƙafa 5, kuma in an sauka ƙasa sai da hannu biyu. A rataya takobi saboda haka. Dokin da ake sarrafawa abu uku kawai yake yi, ƙara gudu, janyewa da kaucewa, ba ya kai hari da kansa.

Babbar matsalar ita ce ran doki ba ya ƙaruwa da matakinku. Daga mataki na 5 ake fara jefa ƙwallon wuta mai 8d6, matsakaicinsa 28. Baiwar mahayi ita ce maganin: tana ba ku damar juyo da harin da aka kai wa doki zuwa kanku, dokin kuma in ya tsallake jefin zafin nama ba abin da zai taɓa shi, in ya faɗi rabi ya ɗauka. A ɗauke ta a mataki na 4.

Tambaya: Ƙwayar ludo kaɗai muke da ita. Za mu iya haɗa uku a madadin d20?

Amsa: Matsakaicinsu ɗaya ne, 10 da rabi, amma wasan zai karkace. A d20 samun 15 zuwa sama kashi 30 ne cikin 100, a ƙwaya uku kuwa hanyoyi 20 ne cikin 216, kusan kashi 9. Mai kariya 19 zai zama kusan ba a taɓa shi, kuma 19 da 20 ba za su taɓa fitowa ba, Zakara ya tashi a banza. Ku samu murafen kwalba 20 iri ɗaya, ku rubuta 1 zuwa 20 a cikinsu, ku zuba a hula, a zara a mayar kowane karo a girgiza. Don d8 ko d10 a ware na 1 zuwa 8 ko zuwa 10 a wata hular. Don d12 a jefa ƙwayar ludo da kwabo, in kwabon ya faɗi ta fuskar da aka zaɓa a ƙara 6. Akwai kuma manhajojin jefa ƙwaya na waya da ba sa buƙatar data, sai dai a ajiye wayar a tsakiyar tebur inda kowa ke gani.